Fanel Ɗin Da Ya Kai Ni Yamai

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na buɗe shago da hantsi, kafin ƙarfen dalma ya yi zafi Malam Bello tela ya leƙo: "Garba, wai Yamai ɗin yaya take?" In na fita azahar, a ƙofar masallaci ma haka. Na ba wannan guntun labari, na ba wancan guntu, har labarin ya fara komowa kunnena da ƙari, wai an kwana da ni a hannun jandarma, wai na ci naman dorina. To ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Garba mai rediyo na Wurno. Gyaran rediyo ya mutu amma sunan ya ƙi mutuwa. Yanzu waya nake gyarawa da inbata da fitilar sola. A kusurwar shagona akwai wata firinta da ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take haɗiya, ta narkar da shi, ta riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi tsaye. Da ita nake yi wa manoman rani 'yan ƙananan abubuwan da in sun karye sai an je birni: mahaɗin tiyo, murfin famfon feshi, 'yar fankar injin ban ruwa. Daga Taloka ake zuwa, daga Rara, har daga bakin dam na Goronyo.

Ba ni na haɗa ta ba. 'Yata ta fari ce ta haɗa ta da hannunta a shekarar da za ta gama karatun injiniya, ta bar mini ita lokacin da aka ɗaura mata aure da wani ɗan Nijar mai suna Isuhu, ya tafi da ita Yamai. Ba zan rubuta sunanta a nan ba. Kun san shi, kuma kun san a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ubana bai taɓa kiran nawa ba har ya koma ga Allah. Ba a zama da ɗan fari a yi hira, ba a yaba shi a gaban mutane, ba a nuna ana kewarsa. Tun tana 'yar ƙarama a shago kaɗai muke magana, ita ma maganar aiki: "Ke, miƙo mita." "Ke, riƙe nan." A haka ta koyi sana'ar, a haka kuma ta wuce ni.

A ƙarshen daminar bara abu biyu suka haɗu. Na farko, firintar ta tsaya. 'Yar fankar da ke fifita allonta ta mutu, zafi ya taru, sai ƙauri na ji. Wannan allon, da mu masu gyara muke ce wa fanel, shi ke ba injin umarni. A kansa ake dasa wasu ƙananan alluna huɗu, kowanne bai fi faɗin babban yatsa ba, sunansu direba. Kowane direba moto ɗaya yake sarrafawa: na hagu da dama, na gaba da baya, na sama da ƙasa, da wanda ke tura zaren roba. Biyu suka ƙone, har da igiyar wayar moto guda. Na aika Sakkwato aka sayo mini sababbi, na dasa, na kunna. Moton ya tsaya wuri ɗaya yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko taku ɗaya bai yi ba.

Na biyu, a yammacin wannan ranar mai ɗakina Hajara ta ajiye mini tuwo, ta ce tana kallon bango, "Mutanen Yamai sun bugo waya. Wai shi mijin ya samu karatu wata ƙasa, Kanada sunka ce. Kahin sanyi za su tashi." Ta ɗauki murfin kwano ta koma ciki. Kunyar uwa ga 'yar fari ta fi ta uba nauyi, don haka ban tsammaci ƙari ba.

Tuwon bai ciwu ba. Yamai ma shekara nawa da aurenta ban taka ba, balle ƙasar da sai an tsallake teku? Amma uba ba ya ɗaukar jaka ya nufi gidan 'yarsa ya ce kewa ce ta kawo shi. Wurno sai ta cinye shi da baki, a ce tsoho ya tafi cin tuwon suruki. Mai gyara kuwa yana iya kai fanel wurin wanda ya fi shi sani, ba wanda zai ce uffan. Da na zauna da mita rabin yini da na gano abin da ke damun moton nan. Ban zauna ba. Na kwance fanel, na haɗa da moton da igiyarsa, na naɗe su a tsohon rawani na sa a gwangwanin biskit.

Malam Bello ya ce, "Kai ko, ba a aiko maka sabo daga Legas ka huta?" Na ce masa ya tsaya kan allura da zare. Hajara kuma ta fito da ƙunshin daddawa da kuka da gabu, busasshen ganyen albasa ke nan, da ɗan buhun albasa, ta ce, "A kai ma mutanen gidan." Ko "a gaishe ta" ba ta ce ba, amma ƙullin da ta yi wa buhun nan sai da wuƙa aka kwance shi.

Daga Sakkwato na shiga motar Illela. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dillalin albasa ɗan Rara, Alhaji Dodo, mutum mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, wanda ya cinye rabin wurina ya kuma cinye mini kunne. Ba mu wuce Gwadabawa ba ya fara shaƙar iska.

"Malam, mi nike ji cikin buhunga? Albasa? Nijar za ka da albasa, ƙasar mutanen Galmi? Wallahi sai sun yi maka dariya hal su hwaɗi!"

Na ce masa albasar Galmi kyau gare ta a ido, ta Wurno kuwa a miya ake saninta. Muka yi ta musu har Illela, kuma shi da ya fara tsokanar shi ya koma yana kare tamu da wani Baƙonne, mutumin Ƙonni ta Nijar, ya sa baki.

A kan iyaka ne dariya ta ɗauke. Bangarenmu ba a daɗe ba. A na Nijar wani jami'i dogo ya buɗe gwangwanin biskit, ya warware rawani, ya ga allo da wayoyi masu launi suna reto. Fuskarsa ta canza. A zamanin nan waya a cikin gwangwani ba abin wasa ba ce, ni ma na san haka. Ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa da Faransanci.

"Mi na na wanga?"

Na fara bayanin firinta mai zuba roba, ina yi ina ganin ba ya shiga. Sai na tuna akwai mahaɗin tiyo guda a aljihuna. Na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya karce layukan da farce, ya ce ashe garkar ubansa ma irin wannan ke ba su wahala. Ya saki fuska, ya ɗauki biro.

"Wurin wa za ka Yamai?"

"Wurin injiniyar da ta haɗa shi."

"Sunanta?"

Na sunkuyar da kai ina kallon gwangwanin. Ya ɗago ya dube ni, ya sake tambaya. Ga layi a bayana, ga rana, ga sunan a bakina ya ƙi fita. Alhaji Dodo ne ya turo kai ta kafaɗata, ya kira shi da "malam" ɗin Faransanci, ya ce, "Mushe, ɗiyar hwari ta. Ko ka ɗaure shi ba shi hwaɗi." Jami'in ya ajiye biro ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce shi ɗan Madawa ne, kuma shi ma ɗan fari, har ya sa kaki ubansa "kai wane" yake ce masa. Ya tambayi sunan mijinta, ya rubuta Isuhu, ya naɗe mini fanel da hannunsa.

A Ƙonni muka rabu da Alhaji Dodo, na shiga babbar bas ta Yamai. Motocinsu suna tashi kan lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba, abin da ya ba ni mamaki, don mu sai an jira fasinjan ƙarshe ko da yana wanka ne. A Dogon Dutsi na ci dambu da zogale, da gasasshen nama da suke lakata wa wani abu rawaya mai hawa hanci, wai shi mutad. Na lakata da yawa don na ɗauka man shanu ne, hawaye suka zubo, wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa tana yi mini sannu. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa na yanka dasashi, cikinsa iska.

Bayan Dosso aka sauke mu a wani shinge, kowa ya taka da ƙafa ya nuna takardarsa. Da na gama na hau bas, na zauna, na kai hannu ƙarƙashin kujera, ba gwangwani. Abin da ya fara zo mini ba kuɗin fanel ba ne, cewa na yi, to yanzu da wane dalili zan shiga garin? Na tashi ina ihu da Hausa, mutane suna amsa mini da Zabarmanci, sai wani ya nuna mini ta taga wata bas mai launi iri ɗaya tana shirin tashi a gaba. Motar wasu na hau. Na ruga, babbar rigata tana kama iska, na tarar da gwangwanina inda na bar shi. Daga nan har Yamai a cinya na riƙe shi.

Masaukina gidan Malam Hassan ne, wani ɗan Rabah mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe a kasuwar Katako. Tun yana saurayi ya zo, yanzu gemunsa fari fat, kuma yana da ɗaki guda a zaure da ya ware wa mutanen gida. Bai bar ni na huta ba. Wane yana nan? Wance fa? Har yanzu ana ƙetare gulbi da kwalekwale in ruwa ya cika? Yawancin waɗanda ya tambaya sun rasu, na riƙa rage masa wasu don kada su yi masa yawa a zama ɗaya. Shayinsu hawa uku ne a 'yan ƙananan kofuna, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi, ko da gobara ake yi a gidanku.

Muna cikin na biyu Isuhu ya iso da kwanukan abinci. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa can nesa.

"Baba, an gyara muku ɗaki a gida. Don Allah ku taho."

Na ce masa Allah ya yi albarka, nan ma gida ne. Shi ma ya san ba zan kwana ƙarƙashin rufin suruki ba, amma dole ya roƙa, dole in ƙi. Yaro ne mai hankali, ban da wannan ɗabi'a tasa ta kwashe 'yar mutane zuwa ƙarshen duniya.

Da safe ya kai ni inda take aiki, wani babban ɗaki mai sanyi kusa da kogi, inda ake koya wa samari da 'yanmata haɗa injuna. Firintoci irin tawa a jere, suna ta 'yan kuka. Na hango ta tun daga ƙofa, tsaye a kan wasu ɗalibai tana nuna musu abu da biro, suna ta "Madam, Madam." Ta ƙara jiki, ta sa tabarau. Da ta gan ni ta taho da sauri, sai kuma ta rage tafiya, ta durƙusa a gaban ɗalibanta duka, idonta a ƙasa.

"Baba, sannunku da hanya. Kun iso lahiya? Ina su Inna?"

"Lahiya lau. Ke, ga fanel ɗin nan."

Abin da na ce ke nan, bayan duk wannan hanya. Na miƙa gwangwani, ta karɓa da hannu biyu.

Ta share tebur, ta ajiye mini kujera kusa da tata. Ta fara duba yadda na dasa direbobin. Ashe sababbin ba irin tsofaffin ba ne, ɗan sukurun da ke kansu yana ɗaya gefen, kuma wanda ya bi sukuru ya dasa, a juye zai dasa, da an kunna sai hayaƙi. Ni rubutun ƙafafun na bi, na haɗa kowace da irinta a kan fanel. Ta ce, "Wanga daidai ya ke," ba ta ɗago ba. Sannan ta ɗauki igiyar moton. Waya huɗu ce, don naɗin waya biyu ne a cikin moton, waɗanda muke ce wa koyil: biyu na koyil ɗaya, biyu na ɗayan, kuma dole kowane biyu su zauna kusa da juna a soket. Launi ba abin yarda ba ne, kowane kamfani da nasa. Ta murɗe bakin waya biyu wuri ɗaya, ta ba ni ƙarfen moton in juya. Ya juya sakayau. Ta canza ɗaya, ta ce in sake. Sai na ji ya yi tauri, yana turjewa a yatsana.

"To su ne 'yan koyil guda. Igiyag ga da anka saido muku, na tsakiya biyu sun sarƙe. Shi ya sa shika rawa ba shi tahiya."

Ta zare su da bakin allura, ta musanya, ta haɗa fanel ɗin a jikin wata firinta tasu, ta kunna. Moton ya tafi sumul. Ɗalibai suka yi tafi. Ni kuwa zuciyata ta yi nauyi, don ko sanyin ɗakin bai gama shiga jikina ba ga aiki ya ƙare.

Na ce, "Ban gane ba. Sake nuna mini."

Ta dube ni ta saman tabarau, kallo ɗaya, ta cire wayoyin ta fara daga farko.

Allah ya taimake ni, akwai sauran matsala ta gaske. Da muka gwada buga mahaɗin tiyo sai ya fito gajere, bakinsa a matse kamar ƙwai. Moton firinta ba ya sheƙa gudu irin na fanka, taku yake yi, direba kuma yana raba kowane taku gida-gida don tafiyar ta yi laushi. A ƙarƙashin kowane direba akwai wasu 'yan huluna baƙaƙe guda uku da ake tura wa ƙafafun fanel, su ke faɗin gida nawa za a raba. Da hulunan uku tsohon direba gida goma sha shida yake rabawa, sabon kuwa talatin da biyu, don haka rabin tafiya yake yi. Ta cire biyu ta bar ta ƙarshe, abu ya fito daidai. Wannan ma na ce a maimaita mini washegari, wai kaina ya ɗau zafi.

Sai babban darasi, auna wutar da direba ke ba moto. Baƙin tsinken mita a kan nagetif, jan a maƙale jikin sukundireba, a ɗora a kan ɗan sukurun nan a juya kamar faɗin gashi. In wuta ta yi kaɗan moto ya riƙa tsallake taku, aiki ya karkace. In ta yi yawa direba ya yi zafi ya ɗauke. Ta ce zafin Wurno ba na littafi ba ne, a rage ƙasa da abin da aka rubuta, a manna masa ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke shan zafi. Kuma ko da wasa kada a zare wayar moto wuta na kunne, nan take direba ke mutuwa. Ni da na shekara talatin da wani abu da mita a hannu, na zama ɗalibin da ya fi kowa daƙiƙanci a ɗakin. In juya ya wuce, in dawo ya gaza. Wata ɗaliba har ta tausaya mini ta ce da tsufa ido ke raguwa.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum da safe in zo in zauna a kujerar nan, kafaɗarta kusa da tawa, kanmu a sunkuye kan allo ɗaya. "Riƙe nan, Baba." "Miƙo mita." Ba mu yi maganar Kanada ba ko sau ɗaya. Malam Hassan kuwa in na koma sai ya tsiyaya shayi ya ce, "Wanga fanel naka, Garba, ko jirgin sama aka gyarawa ai da ya tashi." In ce masa aikin lantarki ba a yi masa gaggawa.

Mutanen Yamai suna da abubuwan da ido bai saba ba. Mata na tuƙa babur da jakar ofis a kafaɗa. Raƙumi da motar alfarma suna bin gada ɗaya, ba mai yi wa wani hon. Da yamma ganye ɗanye suke ci da burodi su ce sun ci abinci. Amma abin da ya tsaya mini shi ne wani dattijo Bazabarme, sa'ana, da ya kawo 'yarsa wurin koyon aikin. Ta manta kwanon abincinta a babur, sai ya ɗaga murya a tsakar fili ya kira sunanta, ta dawo da gudu, ya dafa kanta yana yi mata tsiya, suna dariya. Aka ce mini ita ce babbarsa. Na ce a raina wannan rashin ta ido ne. Da na je alwala na tsaya a bakin famfo na gwada kiran sunan tawa a hankali, yadda ba mai ji. Harshena ya ƙi. Gaskiya hassada na yi wa mutumin nan, har yau kuma ina yi.

Gidansu sau ɗaya na shiga, ranar Juma'a bayan masallaci. Ruwa kaɗai na sha. Jikata, 'yar shekara uku, ta hau cinyata tana ja mini gemu tana yi mini Faransanci, na ce mata amarya ba ta gaishe da ango haka. Ita na rungume, ita na yi wa duk wasan da ke cikina, uwarta na tsaye a bakin ƙofar kicin tana kallonmu. A jikin bango akwatuna ne a jere, an riga an ɗaure wasu da igiya. Na ga ɗan buhun albasar Hajara a gefe, an buɗe, an ci kusan rabi.

Sai waya ta fara damuna daga gida. Wani manomi na Taloka ya bugo ya ce an fara dashen albasa, tiyonsa na zubar da ruwa a kowace mahaɗa, yaushe zan dawo? Wani ya bugo daga Goronyo. Mutane sun dogara da injin nan, ba zan bar shukarsu ta bushe don son zuciyata ba. Na gaya wa Isuhu ya yanko mini tikitin jibi.

Ranar ƙarshe muna zaune za mu sake auna wuta, aka kira ta ofis. Na jira, ba ta dawo ba. Hankalina ya tafi wurin tiyon mutumin Taloka, hannuna kuma ya yi abin da ya saba. Na ɗauki mita, na bi direbobin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, na daidaita su, na manna musu ƙarfen shan zafi, na jera wayoyin na ɗaure. Ban fi minti kaɗan ba. Da na ɗago sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

Ta zo ta zauna. Ta ɗauki mita ta auna na farko, ta auna na biyu, har na huɗu. Ina kallon lambobin tare da ita, ko ɗaya bai kauce ba. Sannan ta ɗora sukundireba a kan na farkon, a gaban idona, ta murɗa shi ya kauce.

"Wanga bai yi ba, Baba," in ji ta. "Mu sake."

Na ce, "Haka ne. Bai yi ba."

Muka sake. Da ya daidaita ta taɓa na biyu, muka sake shi. Ɗalibai suka tashi suka tafi cin abinci suka dawo, muna nan. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba, sai da ruwa ya ɗiga a kan tebur kusa da fanel ta sa gefen mayafi ta goge da sauri, ta ce danshi ba ya yi wa allo kyau. Har aka kira la'asar muna gyaran abin da ba abin da ya same shi.

Bayan asuba suka raka ni tasha. Isuhu ya ɗauki jakata ya yi gaba, da gangan na sani. Ta durƙusa ta miƙo mini gwangwanin, ta sa masa sabuwar fanka da direbobi biyu na ajiya. Magana mai yawa na taro tun daga Wurno. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi yi miki albarka. Can ƙasar an ce sanyi gare ta, ki riƙa rufe yarinyar nan." Ta ce, "To, Baba. A gaida Inna." Bas ta tashi kan lokaci, wannan karon kuwa na ji haushin hakan.

Dawowa ba labari. Jami'in Madawa ba ya bakin aiki, albasa ta yi tsada a Illela, na iso Wurno da la'asar. Washegari na ɗaura fanel, na kunna, firinta ta kama aiki kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Mutumin Taloka ya samu mahaɗansa. Su kuma sun tashi kafin sanyi kamar yadda suka ce. Takan bugo waya, mu gaisa, ta tambayi injin, in ce lafiya lau, sai maganar ta ƙare, don injin bai ba mu abin cewa ba. Ina kewarta, na rubuta a nan tunda baki ba ya iyawa.

Hajara ba ta tambaye ni komai ba ranar da na dawo, ban da "Kun iske su lahiya?" Ba ta shiga shagona, tun aurenmu ba ta taɓa ba. Amma ranar da aka ce jirginsu ya tashi, da rana tsaka lokacin da titi ya yi shiru, sai na ga inuwa a ƙofa. Ita ce, da hijabi. Ta tsaya tana kallon firintar na kai da komo.

"Wane wuri ta taɓa da hannunta?"

Na tsayar da aikin, na kashe wuta, na buɗe murfin. Na nuna mata direba na farko. Ta miƙa yatsa a tsorace ta ɗora a kan ɗan ƙarfen.

"Da ɗumi," in ji ta.

Na ce, "Haka yake in ya yi aiki."

Ba ta ɗauke yatsan ba sai da ya huce.